Gobe Za Mu Turo Mai Gyara

Abin da ya fara faɗowa daga silin ɗin banɗakinmu bai fi tafin hannu ba. Uwargida ta share ta zuba a shara, da na dawo daga aiki ta ja ni ta nuna mini gurbin. Na ɗaga kai na ga tabo mai ruwan ƙasa ya zagaye wurin, kamar inda shayi ya zube a farar riga. Na ce mata ba komai, gobe zan yi wa sufa magana. Sufa shi ne sunan da ake kiran ma'aikacin da ke kula da gini a nan New York: shi ke fitar da shara, shi ke duba tukunyar da ke ɗumama gidan a ƙarƙashin ƙasa, makullai ma suna hannunsa. Ƙarshen 2021 ke nan. Ban taka ƙofar kotu ba sai da aka shiga 2023, kuma rabin wannan jinkirin laifina ne.

Ni mutumin Zariya ne. Bizar ƙuri'a ce ta kawo ni Amurka, tun lokacin da ake yi da 'yan Najeriya, ban daɗe da zuwa ba na shiga soja. Direban manyan motoci na yi, aka kai mu Afganistan, yankin Kandahar. Duk wanda ya je can ya san ramukan ƙona shara: roba, taya, batir, ragowar abinci, a tara su a watsa musu man jirgi a cinna wuta, hayaƙin ya kwana ya wuni a kanmu. Na dawo da gaɓoɓina cif, alhamdu lillahi, amma ƙirjina bai dawo yadda ya tafi ba. Sai a Agustan 2022 aka sa hannu a dokar da ake kira PACT, wadda ta ce in asma ta kama tsohon soja bayan ya zauna a irin waɗannan wurare, a ɗauka aikin ne ya jawo, ba sai ya kawo hujja ba. Na kawo wannan ne don a san cewa gidan da nake magana a kai, mutum biyu ne a cikinsa ke yawo da maganin shaƙa a aljihu, ni da ɗana.

Gidan a Bronx yake, ɗaya daga yankunan birnin New York, tsohon bene ne na jan bulo mai hawa shida, an gina shi tun kafin yaƙin duniya na biyu. Muna hawa na huɗu, ɗaki biyu da falo. Lokacin yaron yana da shekara shida, ƙanwarsa kuma ana goyonta.

A soja an koya mana cewa in kana da damuwa ka faɗa wa wanda ke gaba da kai, kada ka tsallake shi. A gida kuma an tarbiyyantar da mu cewa ɗan haya baƙo ne, ba ya ɗaga wa mai gida murya, balle ya kai shi ƙara. Da waɗannan biyun suka haɗu a kaina, sai na zama irin ɗan hayan da kowane mai gida ke roƙon Allah ya ba shi. In biya kan lokaci, in gaishe da sufa, in tuna masa a hankali. Shi ma ba mugu ba ne, dattijo ne da aka ɗora wa gini uku shi kaɗai. Ya zo da bokitin filasta ya liƙe wurin, ya shafa fenti. Bayan sati uku tabon ya dawo, ya ma fi na da faɗi. Ya sake liƙewa. A karo na uku ya ɗaga kafaɗa ya ce ruwan daga cikin bango yake zuwa, aikin mai gyaran famfo ne, kuma ya gaya wa ofis. Na sha yi masa tsawa a matakala daga baya, abin da har yau nake jin kunyarsa. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Ofishin kuwa ban taɓa ganinsa da idona ba. Mai gidan ma haka. A takardar haya, inda ya kamata a ga sunan mutum, lambar gidanmu ce da sunan titi aka mayar sunan kamfani. Wani kamfanin dabam ne ke karɓar kuɗi da kula da gyara. In ka kira, na'ura ce za ta ɗauka ta ce ka danna ɗaya, ka danna uku, ta sa maka kiɗa. Ranar da ka yi sa'a mutum ya ɗauka, amsar ɗaya ce: an rubuta, gobe za mu turo mai gyara. Suna da shafi a intanet da ake shigar da koke. Na shigar, bayan kwana biyu na duba na ga an rubuta "an kammala", alhali ko ƙwanƙwasa ƙofa ba wanda ya yi. Wata rana cikin ɓacin rai na ce wa matar da ta ɗauki wayar ni fa tsohon soja ne mai ciwon ƙirji. Ta canza murya ta ce sun gode da hidimar da na yi wa ƙasa. Daga nan duk kiran da na yi da wannan godiyar ake sallama ta, mai gyara kuma gafara sa, ba mu ga ƙaho ba.

Sau ɗaya albashina ya yi jinkiri, kuɗin haya ya wuce kwana biyar bai shiga ba. Kafin mako ya zagayo wasiƙar rajista ta iso, da tarar dala 50 a kai. Ashe sun san adireshin.

Ruwan da ke bin cikin bango ya haifar da funfuna. Baƙa ce, ta fara daga kusurwar banɗaki ta ratsa zuwa ɗakin yara, daidai bayan gadon yaron. Uwargida ta goge da ruwan bilic, ta dawo. Muka ja gadon tsakiyar ɗaki. Mun daina jin warin ma, gwano ba ya jin warin jikinsa, sai da wata ƙawarta ta zo ta zauna minti goma ta ce a buɗe taga. Ga ɓeraye da ke fitowa ta ramin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, har muka juye shinkafa da garin tuwo a bokitan roba masu murfi. Ga kyankyasai. A lokacin ƙanena ya kira daga Zariya yana neman in taimaka masa da kuɗin rufin ɗakinsa, na ɗauki hoton namu silin ɗin na tura masa. Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, in ba za ka bayar ba ka ce ba ka da shi, wannan ai ba Amurka ba ce."

Sanyi ne ya fi komai. Tukunyar ɗumama gidan ta tsufa, ta yi kwana biyu tana aiki ta yi kwana ɗaya tana hutu, kuma ta fi son mutuwa daren Juma'a, lokacin da ofis ya rufe sai Litinin. Wanda bai san sanyin Janairu a nan ba, ya ɗauki hunturun Jos ya ninka, ya kuma cire rana daga ciki. Na taɓa dawowa na tarar uwargida ta kunna murhun gas ta buɗe ƙofar oben, yara na zaune a kicin da rigunan sanyi. Na kashe da sauri, don wannan yana tara iskar guba marar wari da ke kashe mutane cikin barci. Washegari na sayo hita biyu masu amfani da lantarki.

Ranar Lahadi 9 ga Janairun 2022 da safe, wuta ta tashi a wani bene mai hawa 19 da ake kira Twin Parks, a titi na 181, nan cikin Bronx. Hitar lantarki ce ta kama a wani ɗaki. Mutanen ɗakin suka gudu, ƙofarsu da ya kamata ta rufe kanta ba ta rufe ba, hayaƙi ya bi matakala ya cika ginin. Mutum 17 suka rasu, takwas yara ne, yawancinsu Musulmi 'yan asalin Gambiya, kuma hayaƙi ne ya kashe su ba harshen wuta ba. Na je jana'iza bayan mako guda. Na ga gawa a wurin yaƙi, amma ban taɓa ganin ƙananan akwatuna a jere haka ba. Da na dawo gida na tsaya a bakin ƙofarmu, na buɗe ta na saki. Ta tafi rabi ta tsaya. Na sake gwadawa, haka. Ga hita biyu a ɗaki suna ci.

Da a ce ina da hankali, ranar zan ɗauki mataki. Gemun ɗan'uwana ya kama wuta a gabana. Amma abin da na yi shi ne na gaya wa sufa, na shigar da koke a shafin nan, aka rubuta "an kammala". Sanyi ya wuce, bazara ta zo, bango ya ɗan bushe, na ce wa kaina abin ya yi sauƙi. Akwai kuma maganar da ke yawo tsakaninmu 'yan Afirka, cewa kada ka shiga idon hukuma, in ka kai ƙara mai gida zai kore ka, sunanka ya ɓaci, ba ka ƙara samun haya. Ni da ke da fasfo ɗin ƙasar da katin tsohon soja a aljihu, na zauna ina jin tsoron abin da maƙwabtana marasa takarda ke tsoro.

Dab da Kirsimetin 2022 aka yi wani sanyi da ya sauka fiye da digiri 10 ƙasa da sifiri, tukunyarmu kuma ta zaɓi daren ta mutu. Wajen ƙarfe biyu na ji ƙirjin yaron yana fito daga ɗakinsu. Maganin shaƙa bai yi ba. Na naɗe shi a bargo na sauka da shi hawa huɗu, muka nufi asibiti. Bayan numfashinsa ya daidaita, likitar ta zauna da takarda tana tambaya. Akwai funfuna a gida? Na ce akwai. Ɓeraye? Akwai. Kyankyasai? Akwai. Tun yaushe? Na ce shekara ɗaya da wani abu. Ba ta ce komai ba, ta ɗago ta dube ni ta ci gaba da rubutu. A mota muna dawowa uwargida, wadda ba mai yawan magana ba ce, ta ce, "Maigida, ka je yaƙi ka dawo, amma takarda ɗaya ta gagare ka?"

Juma'ar da ta biyo baya na tsaya bayan salla na ba wani dattijo labari. Mutumin Zangon Kumasi ne, ya fi shekara talatin yana tuƙa tasi a garin nan, kowa Baba yake ce masa. Ya saurara har na gama, ya ce, "Soja, duk wannan maganar da ka yi musu, me ke gare ka a rubuce?" Na ce babu. Ya ce, "To ba ka yi magana ba. Ƙasar nan ba ta jin baki, takarda take ji." Jami'ar walwala da na gani a asibitin tsofaffin sojoji na titin Kingsbridge ita ma tambayar da ta fara yi mini ke nan, sannan ta rubuta mini lambar lauyoyin da ke ba masu haya shawara kyauta.

Na sayi littafi irin na 'yan makaranta da ma'aunin zafi na bango. Kowace safiya da kowane dare in rubuta kwanan wata, lokaci, da abin da ma'aunin ya nuna, in ɗauki hotonsa. A nan na san cewa akwai doka mai lamba, ba wai roƙo nake yi ba. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, tsakanin shida na safe da goma na dare, in waje ya sauka ƙasa da digiri 55 a ma'aunin Farenhait da suke amfani da shi a nan, dole cikin ɗaki ya kai 68, wato 20 a ma'aunin da muka saba. Da dare kuma kada ya gaza 62, ko yaya waje yake. Ruwan zafi dole ne duk shekara. Na ɗauki hoton kowane tabo da kowane rami, na ajiye tsinken awo a gefen funfunar don a ga faɗinta. Na rubuta wa kamfanin wasiƙa na lissafa komai, na aika ta rajista, na adana rasit da koren katin da ke dawowa da sa hannun wanda ya karɓa. Na daina kiran ofishinsu a waya. Duk abin da zan faɗa sai a rubuce.

Sannan na kira 311, lambar da ake kai wa birnin koke. Ba a tambaye ni takardar zama ba, ba a tambayar kowa. Aka ba ni lamba ga kowane koke, na rubuta a littafi. Koken yana tafiya hukumar kula da gidaje ta birnin, HPD, su sanar da mai gida, in bai gyara ba su turo sufeto, irin duba-garinmu na da. Zuwan farko ya same ni a wurin aiki, uwargida kuma ta kai yaro makaranta, muka tarar da kati a ƙofa. Na sake kira. A karo na biyu ta zauna a gida kwana uku ba ta leƙa ko kanti ba.

Sufeton bai tsaya kan abin da na kira a kai ba kaɗai. Tun daga bakin ƙofa ya buɗe ta ya saki, ya ga ta tsaya, ya rubuta. Ya danna ƙararrawar hayaƙi. Ya duba ƙarafan taga, waɗanda doka ta wajabta a gidan da ke da yaro ɗan shekara goma ko ƙasa da haka. Ya auna funfunar. Da ya ga yarinyar tana tafiya tana dafa bango sai ya tambayi shekarunta, ya durƙusa a gindin tagar ɗakinsu inda fenti ke ɓarewa ɓawo-ɓawo, ya ce wani zai dawo da na'ura. Bayan 'yan kwanaki ɗayan ya zo da wata aba kamar ƙaramar bindiga, ya riƙa danna ta a jikin katakon taga da na ƙofa, tana nuna lamba. Ya ce akwai dalma a fentin.

Kalmar ce ta sa ƙafafuna suka yi sanyi. Duk Bahaushe ya san abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da ɗari huɗu a ƙauyukan masu haƙar zinare, su Bagega. Ban taɓa kawowa a raina cewa ita ce a tagar da 'yata ke tsayawa tana leƙen motoci tana tsotsar yatsa ba. Birnin New York ya hana fenti mai dalma tun 1960, ƙasar gaba ɗaya ta hana a 1978, amma a tsofaffin gine-gine yana nan a ƙarƙashin sababbin shafe-shafe, kuma duk buɗewa da rufewar taga na niƙa shi ya zama ƙura. Ashe takardar da ake turo mana kowane Janairu ana tambaya ko akwai yaro ƙasa da shekara shida, wadda nake cikewa in mayar ba tare da na karanta ba, saboda wannan ce. Washegari muka kai ta a ɗebi jini. Kwana uku muna jiran sakamako, ban san abin da na ci ba. Ya fito ƙasa da 3.5, iyakar da likitoci ke ɗaga hankali a kai, amma ba sifiri ba ne. Likitan ya ce babu adadin da za a ce lafiya ne, a maimaita gwajin nan gaba.

Laifuffukan da sufeto ke rubuta wa mai gida hawa uku ne. Na A ƙanana ne, kwana 90 ake bayarwa a gyara. Na B masu haɗari, kwana 30. Na C masu haɗarin gaggawa, wasunsu awa 24 ne, dalma da ɓeraye da funfuna mai faɗi kuma kwana 21. Ana saka su a shafin hukumar, kowa na iya gani. Da na buga adireshinmu na ga ba mu kaɗai ba ne, tun daga hawa na ɗaya har na shida. A can ne kuma na fara ganin sunan ɗan Adam a matsayin mai alhakin ginin, domin dole ne mai gida ya yi rajista duk shekara.

Nan da nan aka turo mutane, abin da shekara guda ta roƙo ba ta yi ba. Samari biyu ne da bokitin fenti da abin kankara. Ina wurin aiki uwargida ta kira ni muryarta na rawa, ta ce sun fara kankare tagar a bushe, ƙura na tashi, yarinya na falo, ko leda ba su shimfiɗa ba. Sufeton ya riga ya gargaɗe ta cewa wannan haramun ne a doka, ya fi barin fentin haɗari. Na ce ta ɗauki bidiyo ta tsayar da su. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin ta ce ba mai ƙara taɓa komai. Suka shafa farin fenti a kan funfunar banɗaki suka tafi. Bayan 'yan kwanaki wasiƙa ta zo cewa mai gida ya shaida an gyara komai, in ba haka ba ne mu sanar. Muka sanar. Kafin wata ya cika baƙin ya huda fentin ya fito.

A nan na yi niyyar daina biyan haya. Lauyar da na kira ta ce doka ta san da wannan, tun 1975 jihar ta rubuta cewa duk wanda ya ba da haya ya ɗauki alkawarin wurin zai zaunu, ko bai rubuta a yarjejeniya ba. Amma in na riƙe kuɗi su ne za su kai ni kotu, in zama wanda ake ƙara, kuma ranar da alƙali ya ce a biya dole kuɗin su kasance a ajiye cif. Ta ce gara ni in riga su. Ta kuma kwantar mini da hankali kan kora: gininmu yana cikin waɗanda aka ƙayyade wa ƙarin haya, masu gida shida ko fiye da aka gina kafin 1974, dole a sabunta mini yarjejeniya, kuma tun 2019 in mai gida ya nemi korar mutum cikin shekara guda da kai ƙara, kotu na ɗauka ramuwa ce sai ya kawo hujjar akasin haka. Lauyan kyauta da dokar birnin ta 2017 ta tanada na waɗanda ake neman kora ne, don haka ni da kaina zan tsaya.

Kotun gidaje tana kan titin Grand Concourse. Tun kafin tara na safe layi ya fito har waje, mata da kekunan jarirai, tsofaffi da sanduna, kowa da ambulan a hammata. Ƙarar neman gyara ana kiranta HP. Na cike takarda na lissafa kowane abu ɗaki bayan ɗaki, na cike wata ta neman a sake turo sufeto, na biya dala 45, wanda ba shi da hali kuma ana yafe masa in ya nema. Alƙali ya sa hannu aka ba da rana. Ni ne na aika wa mai gida da kamfanin da hukumar kwafin sammacin ta rajista, yadda aka rubuta a takardar, domin in ka kuskure wannan sai a ce ka koma ka sake daga farko.

Kafin ranar zaman, silin ɗin ya gama abin da ya fara. Da asuba muka ji rugum, muka tarar da filasta mai faɗin tabarmar salla ta cika bahon wanka, ga katakon sama baƙi ƙirin yana ɗiga. Ba kowa a ciki. Na ɗauki hoto kafin in taɓa komai. In da a da ne, tsintsiya zan fara nema.

Yawancin shari'ar gidaje a baranda ake yinta. Lauyan mai gida ya fito da tulin fayil a hannu yana kiran sunaye kamar mai rabon kati a asibiti. Ya ja ni gefe, da fara'a, ya ce ba sai mun ɓata wa alƙali lokaci ba, ga takarda in sa hannu, za a gyara. Na karanta, babu rana ko ɗaya a ciki. Na ce ina son mu shiga. A gaban mai shari'a, wata mace mai gilashi da ba ta ɗaga murya, ya ce kamfaninsu a shirye yake tun tuni, ɗan hayan ne ke hana ma'aikata shiga. Raina ya tashi, na ji irin zafin da nake ji a wuya kafin in yi abin da zan yi nadama. Na buɗe littafin. Na ce, ranki ya daɗe, ga ranakun da suka ce za su zo, ga saƙonnin, ga ranakun da na bar aiki na zauna. Sau ɗaya aka hana su, ga bidiyon dalili. Ta karɓi wayar ta kalla har ƙarshe, ta miƙa wa lauyan hukumar, wanda rahoton sufeto ke gabansa. Ba ta yi wani dogon jawabi ba. Aka rubuta umarni, kowane gyara da wa'adinsa, da ranakun da za a shigo, daga tara na safe, in ba su iso kafin sha biyu ba mu tafi harkarmu.

Ranar farko ba su zo ba. Ta biyu suka gyara ƙofa da ramin ɓeraye suka tafi. Na koma kotu na nemi a dawo da ƙarar a ci su tara, aka sa rana, aka ɗage, aka sake sawa. Kowace tafiya yinin aiki ce da ba za a biya ni ba, kuma sun san da haka, da shi suke gajiyar da mutane. Abin da ya canza lissafin shi ne maƙwabta. Wata tsohuwa 'yar Jamhuriyar Dominika da ke hawa na biyar, wadda ruwan ke bi ta bangonta kafin ya iso namu, ta ga ina hawa da ambulan ta tambaya. Na nuna mata littafin. Jikarta ta fassara mata, ta kai ni ta nuna mini nata banɗakin, ya fi namu lalacewa, shekara nawa tana tara ruwa a roba. Muka bi ƙofa ƙofa ranar Lahadi. Wasu suka rufe mana ƙofa don tsoro, ban ga laifinsu ba. A zama na gaba gida bakwai muka shiga tare, kotu ta ba tsohuwar tafinta kyauta.

Bayan wannan zaman ne aka turo mai gyaran famfo na gaske. Ya fasa bangon hawa na biyar, ya kira ni in gani. Bututun ƙarfe ne da tsatsa ta cinye, ya sa sukundireba ya danna, ta shige kamar a cikin dafaffen rogo. Yini ɗaya ya yi ya canza shi. Yini ɗaya. Masu aikin funfuna da na dalma suka zo da fararen kaya da takunkumi, suka rufe ɗakunan da leda, muka kwashe yara muka yi kwana huɗu a gidan Baba, matarsa ta ƙi karɓar ko kuɗin cefane. Aka cire katakon tagogin aka sa sababbi, aka goge ƙasa aka kai ƙurar gwaji kafin a ce mu dawo. Sufa ne ya taya ni mayar da gadon yaron jikin bango. Na ba shi haƙuri kan tsawar da na sha yi masa, ya ce ya manta, ya roƙe ni kada in faɗa wa ofis cewa shi ya nuna wa mai gyaran inda zai fasa.

Tukunyar ɗumama gidan ba a canza ta ba, faci aka yi mata. Har yanzu takan mutu, amma yanzu muna da zaure a WhatsApp, mutum ɗaya ya rubuta babu zafi, cikin awa guda gida goma sun kira 311, kuma ba ta ƙara kwana biyu a mace ba. Gwajin jinin yarinyar na biyu ya sauka. Yaron ya yi sanyin da ya wuce bai kwana asibiti ba. Hitocin nan biyu na ɗaure wayoyinsu na tura saman kabad.

Makon jiya uwargida ta kira ni kicin ta nuna mini kusurwar sama da firij. Tabo ne mai ruwan ƙasa, bai kai tafin hannu ba. Na ɗauko tsinken awo da waya, ta miƙo mini littafin.